Tarihin Fasaha da Tambayar Asali: Sharhi kan Sabuwar Hanyar Koyarwa

Malaman tarihin fasaha a ƙasashe da dama sun daɗe suna muhawara kan ta inda ya kamata a shigar da ɗalibi cikin wannan fanni. Tsohuwar hanya ita ce bin zamani daki-daki, tun daga zanen da mutanen farko suka bari a bangon kogo har zuwa yau. Sabuwar hanya kuwa tana tattaro ayyuka daga ƙasashe da zamunna daban-daban ta ajiye su ƙarƙashin jigo guda, kuma ɗaya daga cikin jigogin da suka karɓu a wajen malamai shi ne asali. Maganar ta fito fili a shekarar 2020, lokacin da Jami'ar Yale ta Amurka ta sanar da dakatar da wani tsohon darasinta na share fage, wanda yake bin fasahar Turai daga ƙarni na 14 zuwa yau, ta maye gurbinsa da darussa masu jigo. Jaridu suka ɗauka, wasu na yabo, wasu na cewa an rushe gadon ilimi.

Ruɗanin da ke cikin batun iri biyu ne. Akwai masu ɗauka cewa da zarar an ambaci asali a aji, to an shigo da ƙabilanci ko siyasa ke nan. Akwai kuma masu ganin cewa jigon asali shi ne maganin duk wata matsalar darasin. Kowane ɓangare yana da abin da ya hango, kuma kowanne akwai abin da ya kuɓuce masa.

Ma'anar kalmomin

Fasaha a nan tana nufin aikin da hannu ya yi domin ido ya gani: zane, sassaƙa, gini da adonsa, ɗinki, saƙa, rini, ƙira, dukanci, ginin tukwane, rubutun ado da ɗaukar hoto. Tarihin fasaha shi ne nazarin waɗannan ayyuka a cikin zamaninsu: wa ya yi, da me ya yi, wa ya sa shi, wa ya biya, me mutanen lokacin suka gani a ciki. Ya bambanta da darasin koyon zane, inda ɗalibi ne da kansa yake riƙe da fensir.

Jigo kalma ce da ɗaliban adabi suka sani, wato babban saƙon da aiki yake zagayawa a kansa. Manhaja, wadda aka aro daga Larabci, ita ce tsarin abin da za a koyar da jerin yadda za a koyar da shi. Asali kuwa, a wannan sharhi, ya fi faɗin tsatso ko garin haihuwa. Ya ƙunshi duk abin da mutum ko al'umma suke amsa tambayar “su wane ne mu?” da shi: harshe, addini, jinsi, sana'a, matsayi, ƙasa, har da yadda wasu suke kallonsu ko suke laƙaba musu suna. Wannan ɓangare na ƙarshe yana da muhimmanci, domin sau da yawa hoton da wasu suka zana na mutum yakan fi wanda ya zana wa kansa yawo a duniya.

Yadda aka gaji darasin

Fannin a yadda jami'o'i suka san shi a Turai aka haife shi. Giorgio Vasari, mutumin Italiya, ya wallafa tarihin rayuwar masu zane da magina na ƙasarsa a 1550, ya tsara labarin kamar hawan tsani wanda ƙololuwarsa ita ce Michelangelo. A 1764 Bajamushe Johann Winckelmann ya rubuta tarihin fasahar mutanen dā, ya ɗora Girka a matsayin ma'aunin kyau. A ƙarni na 20 littattafai biyu suka mamaye azuzuwa, na Ernst Gombrich da ya fito a 1950 da na H. W. Janson na 1962. Dukansu rubutu ne mai daɗin karatu, kuma sun koya wa miliyoyin mutane kallon zane. Amma hanyarsu ɗaya ce: Masar, Girka, Rum, Italiya, Holan, Faransa, sannan Amurka. Sauran duniya tana samun babi ɗaya ko biyu a gefe. Littafin Janson bai sa aikin mace ko ɗaya ba sai a bugun 1986, bayan rasuwar marubucin.

Afirka ta shiga wannan labari ta ƙofar baya. Ana ambatonta ne galibi idan an zo kan Pablo Picasso da abokansa, waɗanda suka ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a gidajen tarihin Faris a farkon ƙarni na 20 suka ɗauki salo daga gare su. Sunan Picasso yana nan, lokacin da ya yi ayyukansa yana nan, amma masassaƙin da aka ɗauka daga gare shi sai a rubuta sunan ƙabilarsa kawai. Abin ya kai ga lokacin da Bajamushe Leo Frobenius ya ga gumakan kawuna na Ife a 1910, ya kasa yarda cewa kakannin Yarabawa ne suka yi su, ya danganta su da wata ɓatacciyar daular almara mai suna Atlantis.

Abin da ya kawo sauyi

Sauyin ya taso daga wurare da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu Zariya ce. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da ’yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. Ɗaliban ba su ƙi dabarun da ake koya musu ba. Abin da suka nema shi ne a haɗa dabarun da gadon da kowa ya taso a cikinsa. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya zana rayuwar mutanen Legas. Wannan ya faru ana saura shekara biyu a sami ’yancin kai, kuma tambayar da ke ransu ita ce ta dukan ƙasar a lokacin.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne cewa tun a Zariyar ba baki ɗaya aka yi ba. Jimo Akolo, abokin karatunsu kuma gwanin zane, ya ja baya daga ƙungiyar domin bai yarda a shata wa mai zane abin da zai zana ba. Shi da ya fito daga Egbe, a jihar Kogi ta yau, ya zana mahaya dawaki da makaɗan Arewa. Muhawarar da ake yi yanzu a Amurka da Turai, an taɓa yin irinta a Zariya fiye da shekara sittin da suka wuce.

A Amurka kuma, gwagwarmayar baƙaƙen fata da ta mata ce ta girgiza fannin. A 1971 Linda Nochlin ta rubuta maƙalar da ta tambayi dalilin da ya sa tarihi bai san manyan mata masu zane ba, ta nuna cewa amsar tana cikin ƙofofin da aka rufe musu, kamar makarantun zane da damar koyo, ba cikin baiwa ba. Sannu a hankali azuzuwan kansu suka canja, ’ya’yan baƙin haure suka cika su. Hukumar College Board, mai shirya wa ɗaliban sakandaren Amurka jarrabawa, ta sake tsarin tarihin fasaha a 2015, ta zaɓi ayyuka 250 daga duk nahiyoyi. A ciki akwai Babban Masallacin Djenne na Mali, da allon tagulla na fadar Benin, da ginshiƙin da Olowe na Ise ya sassaƙa, da aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka.

Yadda darasin yake a aikace

Malamin da ya ɗauki wannan jigo yakan fara da hoton mutum, domin nan ne abin ya fi fitowa fili. Frida Kahlo ta Meziko, wadda mahaifinta Bajamushe ne, ta zana kanta a 1939 a matsayin mata biyu zaune riƙe da hannun juna, ɗaya cikin farar rigar Turawa, ɗaya cikin tufafin gargajiyar ƙasarta. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana ɗaukar tsayuwar sarakuna da jarumawan tsofaffin zanen Turai ya sa samari baƙaƙen fata a gurbinsu, kuma shi ya zana hoton Barack Obama da aka buɗe a 2018. Ɗalibi ba zai gane abin da Wiley yake yi ba sai ya san zanen da yake mayar wa martani, don haka jigon da kansa yake tura shi ga tsohon tarihin.

Misalan da suka fi ƙarfi su ne waɗanda suke rikita amsa mai sauƙi. Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan ya tashi a Legas, ya gina aikinsa a kan atamfa. Kowa yana ganinta tufar Afirka ce, alhali dabarar rininta daga Indonesiya take, kuma masana'antun Holan da Ingila ne suka yi ta bugawa suna kawowa Afirka ta Yamma tun ƙarni na 19. Matan Afirka ne suka zaɓi launukan da suke so, suka raɗa wa kowane zane suna, suka mai da ita tasu.

Ƙasar Hausa tana da irin waɗannan misalai masu yawa. Babbar riga mai aska takwas ana kallonta a matsayin alamar Bahaushe. Idan aka bi tarihinta a zamanin Daular Sakkwato, za a tarar da masaƙan Nufawa da na Hausawa, da malamai da almajirai masu zana aikin da ɗinka shi, da zaren tsamiya na gida, da alharinin da fatake suke ratso Sahara da shi daga Tarabulus. Sarakuna suna bayar da ita kyauta ga wanda suka naɗa ko suke son jawowa, ta haka ta zama tufar mulki da Musulunci a faɗin yanki, har ta sami ’yar'uwa a agbadar Yarabawa. Baƙin rawani mai ƙyalli da duniya ta san Buzaye da shi kuwa, a Kura kusa da Kano ake rina shi a buge shi. Ɗalibin da ya bi rawanin nan daga marina zuwa Agadas ya koyi kasuwanci, ya koyi yadda ake haɗa baba da toka, ya kuma koyi cewa alamar wata al'umma tana iya fitowa daga hannun maƙwabciyarta.

Ladi Kwali ma haka. Ta koyi ginin tukwane irin na matan Gbagyi, da hannu, tana zana ƙadangaru da kifaye da kunamu a jikin randa. Baturen Ingila Michael Cardew ya ga tukwanenta a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Cardew ya kafa a garin, wanda yau ake kira Suleja. A can aka riƙa shafa wa randunanta sinadarin ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi kyau, suka yi nauyi, suka tashi daga kayan zuba ruwa suka koma kayan baje koli a Landan. Hotonta yana bayan takardar naira 20. Ko randar tata ta Gbagyi ce, ko ta Najeriya, ko ta haɗuwarta da Cardew, tambaya ce da za ta iya cinye darasi guda cur, kuma ɗalibi yana da abin nazarin a aljihunsa.

Hujjojin masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ita ce jan hankali: yaron da ya ga abin da ya sani a allo yakan buɗe baki ya yi magana. Ta biyu ita ce adalci ga waɗanda aka shafe sunayensu. Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a ƙarni na 19 yana da magini mai suna, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, aikin Falke Barmou ne. Manhajar da ta san Michelangelo ta kasa sanin waɗannan ta tauye ɗalibin Zariya da na Tawa. Ta uku, suna cewa tsohuwar hanyar ma a kan asali aka gina ta, asalin Turai, sai dai ba ta faɗa ba.

Hujjojin masu suka

Masu suka ba duka ne masu kewar tsohon zamani ba, kuma wasu daga cikin maganganunsu suna da nauyi. Suna cewa jigo yana tsinka zaren zamani. Ɗalibi zai iya fita daga aji ya san Kahlo da Shonibare, amma bai san wa ya riga wani ba, bai san cewa tsakanin gumakan yumɓun Nok da tagullar Benin akwai fiye da shekara dubu ba. Tarihin da babu jerin lokaci a cikinsa ya rasa ƙashin bayansa.

Suna kuma cewa aikin fasaha yakan koma takardar shaida kawai. Maimakon a dubi launi, layi, nauyi da gwanintar hannu, sai a tsaya kan launin fatar mai zanen ko garinsu. Masu zane da yawa na Afirka sun koka cewa kasuwar Turai ba ta son aikinsu sai ya yi kama da abin da take tsammani daga ɗan Afirka.

Suka mafi ƙarfi ita ce haɗarin ƙabila ɗaya, salo ɗaya. Tsofaffin gidajen tarihi sun saba rarraba fasahar Afirka kamar kowace ƙabila tana zaune cikin akwati rufaffe. Masaniya Sidney Kasfir ta ƙalubalanci wannan tunani a 1984, ta nuna yadda masu sana'a da kayansu da salonsu suke ƙetare iyakoki. Malamin da bai yi hattara ba zai iya dawo da akwatunan nan da sunan girmama asali. Nok misali ne mai kyau. An fara tono gumakan ne a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, daga nan sunan ya samo asali. Mutanen da suka yi su ba su bar rubutu ba, kuma sun rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Duk wanda ya ce wa ɗalibai kai tsaye kakannin wata ƙabila ta yau ne suka yi su, ya wuce inda hujja ta tsaya.

Inda batun ya fi tsauri a wajenmu

A Najeriya kalmar asali tana da kaifi. Tana tuna wa mutane takardar shaidar ƙaramar hukuma, da rabon ɗan ƙasa da baƙo, wanda ya jawo zubar da jini a wurare irin su Jos. A ƙasar Hausa tana iya taɓo maganar bauta ta dā, ko sana'o'in gado da wasu suke rainawa. Tsagar fuska da wanzamai suke yi, irin ta Gobirawa ko ta Barebari, darasi ne mai kyau kan yadda ake rubuta asali a jikin mutum, amma idan akwai mai ɗauke da ita a ajin, malami yana bukatar ya tabbatar bai mai da yaron abin kallo ba. Haka aikin da ake yawan bayarwa, na cewa kowa ya zana ko shi wane ne, yana iya zama nauyi ga maraya ko yaron da rikici ya raba da garinsu. Ya kamata a bar wa ɗalibi zaɓin abin da zai bayyana.

Sai batun addini. Malaman Musulunci da yawa sun hana sassaƙa ko zana abu mai rai, kuma wannan ya sa iyaye da dama suke ɗari-ɗari da darasin zane gaba ɗaya. Jigon asali yana iya taimakawa a nan, domin yana buɗe fagen da waɗannan iyaye suka yarda da shi: rubutun Alƙur'ani na Kano da na Barno, zayyanar allon sauka, adon bangon gidajen Birnin Damagaram, hasumiyar Agadas. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba su damu da irin zanen da ya koyo ba, sai ya koma ga harafin Larabci da ya tashi da shi ya gina sabon salo a kansa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa.

Amma asalin ɗalibi yana kuma shata iyaka. A 2022, a Jami'ar Hamline da ke jihar Minnesota ta Amurka, wata malama ta nuna wani zane na ƙarni na 14 daga ƙasar Farisa da ya siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan ta gargaɗi ɗalibai tun da farko. Wata ɗaliba Musulma ta kai ƙara, jami'ar ba ta sabunta kwantiragin malamar ba, kuma Musulman Amurka kansu suka rabu kan hukuncin. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne cewa malami yana bukatar sanin waɗanda suke zaune a gabansa, da abin da yake da tsarki a wurinsu, kafin ya zaɓi abin da zai nuna.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka yi shi da kyau, amfanin farko zai bayyana a wajen aji. Gidan Makama a Kano, marinar Ƙofar Mata, gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, da na Boubou Hama a Yamai, duk azuzuwa ne da ba sa bukatar injin haska hoto. Maginan gargajiya da maɗinka da marina da suka rage suna da ilimin da babu shi a littafi, kuma suna tsufa. Ɗaliban da suka san darajar waɗannan abubuwa su ne za su iya shiga muhawarar dawo da kayan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta fara mayarwa a 2022, su kuma tambayi yadda ake kula da abin da yake hannunmu.

Idan aka yi shi da gaggawa, sakamakon zai zama darasin kirari: kowa ya yabi nasa, a tashi. Wannan ya fi sauƙin faruwa inda malamin bai sami horo ba, littafi babu, kuma jarrabawa tana tambayar sunaye da shekaru ne kawai.

A bisa hujjojin da suka gabata, jigon asali ya cancanci gurbi a manhaja, da sharuɗɗa. A riƙe jerin zamani tare da shi, ko da layin shekaru ne a jikin bangon aji. A fara kowane darasi da kallon aikin kansa kafin a shiga labarin mai shi. Kuma duk inda aka nuna wa ɗalibi abin gidansu, a haɗa masa da na nesa: ɗan Kano ya nazarci tagullar Igbo-Ukwu da zanen Holan, ɗan Enugu ya nazarci aska takwas da masallacin Babban Gwani. Masu tsara manhaja da kwalejojin horar da malamai su ne za su fara wannan aiki, kuma mataki na farko shi ne samar da littafi mai hotuna, cikin harsunan da yara suke ji, wanda ya ambaci masu sana'ar da sunayensu.